Fakitin Da Ya Fi Gurbinsa

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi miki gaisuwar uba ga 'yar da za ta yi nisa. Allah Ya kai ki Legas lafiya, Ya tsare ki daga sharrin hanya da na mota da na mutanen da ba ki sani ba, Ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronSa. Mahaifiyarki tana ɗaki tana ƙulla miki kuka da daddawa da yaji. Ni ba ni da abin ƙulla miki sai wannan takarda. Da baki na so in faɗa, amma kin san halina, idan na ɗauko magana mai nauyi sai in ɓige da zancen damina da tsadar taki.

Ranar da kika ce an ɗauke ki aiki, kuma sashen da aka sa ki shi ne na gyaran yadda uwar manhaja, wato babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ke karɓar saƙonnin netwok, kin ga na yi shiru, kin zaci ban yi murna ba. Na yi murna. Sai dai aikin da ya cinye ni ne aka miƙa miki. Kin taso kin same ni ina gyaran waya a rumfa a bakin kasuwa, kin kuma san Baba Kabiru a kan keken guragu tun ba ki da wayo. Duk unguwa an san daga ƙarfen sabis ya faɗo. Abin da ya hau da shi ƙarfen ne ba wanda ke ganewa ko na yi bayani. Ke yanzu za ki gane.

Ni da Kabiru tare muka yi makaranta a nan Daura, tare muka je Kano koyon kwamfuta. Shi ya fi ni hannu a kan waya da batir da ƙarfe, ni na fi shi haƙurin zama ina rubutun manhaja. A lokacin intanet bai shiga aljihun kowa ba, sai muka buɗe ɗan kamfani mu biyu. Muna ɗauko sabis daga wuri guda a cikin gari, mu harba shi ta iska daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har Mai'adua, har Kongolam. A saman kowane ƙarfe akwai ɗan akwati, cikinsa ƙaramar kwamfuta da katin rediyo. Masu kafe, wato shagunan shiga intanet, suka shiga, da 'yan kasuwa masu sauke kaya a kan iyaka, da wani ƙaramin asibiti da ke aika hotunan gwaji ga likita a Katsina. Shekarar da aka haife ki ke nan. Na ɗauka na kama abin da zan bar muku.

Katin rediyon da ƙarfinmu ya kai mai araha ne, uwar manhajar da muke amfani da ita kuwa, irin wadda kowa ke da izinin buɗe cikinta, ba ta san shi sosai ba. Sai na zauna na rubuta sashen da ke karɓar fakiti daga katin da hannuna. Kin san yadda abin yake, amma bari in faɗa da bakina. Saƙo ba ya tafiya a dunƙule, yanyanka shi ake yi, kowane yanki fakiti ne, kuma a goshinsa an rubuta tsawonsa. Mai karɓa yakan tanadi gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, wanda kuke kira bafa, ya juye fakitin a ciki. Na tanadi gurbi daidai da fakiti mafi girma da na taɓa gani. Sannan na ce wa na'ura ta karanta tsawon da aka rubuta, ta kwafo iya haka. Ban sa ta duba ko gurbin zai ɗauka ba. Ba mantuwa na yi ba, Ummi. Na tuna, na ce ai ba zai taɓa faruwa ba.

To ki riƙe wannan tun kafin ki san inda kujerarki take a ofis. Duk lambar da ta shigo miki daga waje, zance ne na baƙo. Wataƙila gaskiya ce, wataƙila kuskure, wataƙila mugu ne ya rubuta ta da gangan. Ki auna abin da ya iso hannunki, ki auna gurbin da kike da shi, sannan ki kwafa. Duk ranar da kika ji zuciyarki ta ce miki ba zai taɓa faruwa ba, a daidai wurin nan za ki tsaya ki rubuta abin da za a yi idan ya faru.

Mun daɗe lafiya lau. Sai wani ɗan kasuwa a Kongolam ya haɗa layinmu da wasu na'urori da ya sayo daga tsallake. Su nasu sukan liƙa wa kowane fakiti 'yar alama, bayit huɗu kacal, kamar ki ce harafi huɗu. Ƙananan fakitoci suna shiga ba matsala. Amma wanda dama ya cika gurbi taf, idan aka ƙara masa huɗun nan, sai ya malala ya taka abin da ke maƙwabtaka da shi a ƙwaƙwalwa. Kuma akwatin ba ya mutuwa nan take. Ya ci gaba da aiki kamar ba komai, sai can an jima, lokacin da wani sashe dabam ya zo ɗaukar ajiyarsa ya tarar an tattake ta, sannan komai ya tsaya cak.

Ni kuwa inda ya tsaya nake dubawa. Yau ya mutu a nan, gobe ya mutu a can, ba wuri ɗaya ba. Sai na yanke cewa ba rubutuna ba ne. Na ce batir ne, Kabiru ya canja batir. Na ce zafin rana ne, ya yi wa akwatunan rumfa da kwano. Na ce tsawa ce. Makunnin kowane akwati yana gindin ƙarfe, don haka duk sanda ɗaya ya ɗauke, Kabiru ne ke hawa babur ya tafi ya kashe ya kunna. Wata rana ya dawo daga Kongolam jikinsa duk ja da ƙasa, ya zauna a kan benci ya cire hula.

Ya ce, "Sanusi, na canja duk abin da hannu ke iya taɓawa. Saura abin da ba ya taɓuwa."

Na ce, "Manhajar da ta shekara tana aiki ce yau za ta lalace? Ai ba tuwo ba ce da za ta yi tsami."

Ya ce, "Ni dai na faɗa."

Mutanen da sun ce kada ka dubi inda ka faɗi, dubi inda ka yi tuntuɓe. Na san karin maganar tun ina yaro, ban san da aikina take ba. Idan na'ura tana mutuwa a wurare daban-daban ba dalili, ki fara zargin akwai mai rubutu a inda ba nasa ba. Kuma cikin waɗanda za ki zarga, ki sa kanki a farko. Ba don kin fi kowa kuskure ba, sai don naki rubutun ne kaɗai idonki ke tsallakewa.

Da na gaji da musu na zauna na bincika. Na zuba wata alama a bayan ƙarshen kowane gurbi, kamar yadda ake yayyafa toka a bakin rumbu a ga sawun abin da ke shiga. Ba a jima ba na ga an taka ta, bayit huɗu daidai. Na kira Kabiru na nuna masa, ina jin kaina kamar wanda ya kamo ɓarawo, alhali ni na bar ƙofa a buɗe.

Ya ce, "To yanzu mene ne magani?"

Na ce, "Na ƙara wa gurbin faɗi. Har da rara."

Ya ce, "Idan wanda ya fi wannan ya zo fa?"

Na ce, "Daga ina?"

Ya ce, "Daga inda wannan ya zo."

Na yi dariya na rufe kwamfuta. Ga shi ya faɗi maganar gaba ɗaya, ni kuma na ji ta da kunnena. Ƙara faɗin gurbi ba gyara ba ne, ɗaga ranar ɓarna ne kawai. Za ki haɗu da masu yin haka a inda za ki, wasu ma manyanki ne, kuma za a yaba musu domin ƙorafi ya lafa a makon. Kada ki bi su. Idan ba a sa mai tsaron ƙofa ba, ko zauren ya kai filin idi, wata rana zai cika.

Da damina ta sauka matsalar ta dawo. Mutumin Kongolam ya ƙara wasu na'urori, su kuma suna naɗe fakiti a cikin wani fakitin, girman ya wuce rarar da na bari. Lokacin ya zo daidai da rajistar jarrabawa, yara sun yi layi a ƙofar kowane kafe tun daga Mai'adua har cikin gari. Masu kafe suna kirana suna faɗa. Jami'in asibitin nan ya zo da kansa har ofis, bai ɗaga murya ba, ya ce akwai mai ciki da yake son likita ya ga hoton gwajinta, ya aika ya ƙi tafiya. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Cikin fushi da kunya na zauna na ninka girman gurbin ninki mai yawa, na ce bari in ga fakitin da zai cika wannan. Na manta ba gurbi ɗaya akwati ke tanada ba, jere ne mai tsawo, kowanne kuma na kumbura shi. Na gwada a kan akwatin da ke kan teburina, ya tashi lafiya. Ban tuna cewa shi sabo ne ba, ƙwaƙwalwarsa ta fi ta waɗanda ke saman ƙarfe. Kuma a rubutuna ban sa na'ura ta duba ko an ba ta wurin da ta nema ba, ta nema kawai ta ci gaba kamar an ba ta. Bayan sallar azahar na tura facin, wato gyaran da na yi, ga dukkan akwatunan a lokaci guda. Ina zaune ina kallo suka ɗauke ɗaya bayan ɗaya. Kowanne ya tashi ya nemi wuri, ya rasa, ya faɗi, ya sake tashi, ya sake faɗi. Kashewa da kunnawa daga ƙasa ba ya magani. Dole a hau kowane ƙarfe a sauko da akwatin, a jona shi da kwamfuta a sake masa manhaja.

Ummi, kada ki taɓa gyara da fushi. Kada ki gwada a kan na'urar da ta fi ta mutane lafiya, ki nemo mafi tsufa mafi rauni, ita ce za ta gaya miki gaskiya. Ki tura wa ɗaya, ki jira, sannan ki tura wa na biyu. Kada ki tura abin da ba ki da hanyar janye shi daga inda kike zaune. Waɗannan duk suna cikin littattafanku, na sani. Ni ma na karanta su kafin ranar.

Washegari da safe muka isa Mai'adua. An kwana ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Kabiru ne mai hawa, ni tun asali jiri nake ji. Ya dafa ƙarfen, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Mu bari rana ta ɗan ɗaga." Wayata tana ta ƙara a aljihu. Na ciro ta na duba, na mayar. Ban ce masa hau ba, ban ce kada ka hau ba. Ya dube ni, ya naɗe ƙafar wandonsa, ya hau.

Ya kai sama, ya kwance akwatin, ya rataya shi a kafaɗa. A saukowa ne ƙafarsa ta zame. Ina tsaye da kwamfuta a hannu. Ban ji ya yi ihu ba, ƙarar faɗuwarsa kawai na ji. Da na durƙusa kansa idonsa biyu, yana salati, sai ya ce mini, "Ɗaga mini ƙafata, ta lanƙwashe." Na duba, ƙafafunsa a miƙe suke.

Wani mai motar hatsi ya taimaka muka kawo shi Daura, daga nan aka wuce da shi Katsina. Likita ya ce ƙashin baya ne. Matarsa tana da goyo a lokacin. Ba ta ce mini komai ba, har yau kuma ba ta taɓa cewa ba, takan gaishe ni ta kawo mini ruwa.

Gyaran na gaskiya na yi shi bayan mun dawo daga asibiti. Layuka ne 'yan kaɗan, ko tafin hannu ba su cika ba. Idan tsawon fakiti ya fi gurbi, a yar da shi, a ƙirga cewa an yar, a ci gaba. Idan an nemi wuri ba a samu ba, a tsaya a faɗa. Shi ke nan. Na ɗauki hayar masu hawa, muka bi ƙarafan muka gyara. Daga ranar babu akwatin da ya sake mutuwa. Amma wasu masu kafe sun riga sun bar mu, ba a daɗe ba kuma sabis ɗin waya ya yi ƙarfi, kowa ya sa intanet a aljihunsa. Muka rufe. Akwatunan da suka warke sarai, 'yan gwangwan ne suka saye su a kilo.

Akwai wani abu kuma. Na aika gyaran ga masu kula da uwar manhajar, domin akwai wasu a duniya da ke amfani da irin katin nan, na kuma ga sashen nasu ma yana da rauni irin nawa. Wani ya amsa mini da gajeren saƙo, ba gaisuwa, ya ce in raba facin gida biyu, in bayyana yadda za a maimaita matsalar, in sake aikowa. Na karanta na ji kamar an mare ni. Na ce mutumin nan bai san abin da layukan nan suka ci ba. Ban amsa ba. Yanzu na san ba wulaƙanci ba ne, aikinsa yake yi, kuma ya yi daidai. Da na amsa, da aƙalla wani a wata ƙasa ya tsira da abin da muka rasa. Idan an dawo miki da aikinki da gyara, ko da babu sallama a kai, ki sha ruwa ki gyara ki mayar. Mai duba miki aiki ya fi mai yaba miki amfani.

Ba zan ɓoye miki ba, ban ga abin da wahalata ta haifa ba. Wannan aiki ne da idan kin yi shi daidai ba wanda zai san kin yi, domin abin da bai faru ba ba shi da labari. Idan kin kuskure kuma, wani ne can da ba ki sani ba zai ɗauki nauyin, ko wanda kika fi sani. Na yi shekaru ina neman hikimar da ke ciki ban samu ba. Malamai sun ce ƙaddara ce, na yarda, ina kuma istigfari. Amma ƙaddarar ta bi ta hannuna ne, kuma hannun yana nan tare da ni, da shi nake cin tuwo.

A duk garin nan ke kaɗai ce nake iya yi wa wannan zance ki gane. Tun kina sakandare kike zama gefena a rumfa kina tambayata me ya sa waya ke maƙalewa, har kika wuce ni, na koma ni ke tambaya. Yanzu rumfar za ta koma ta canjin gilashi da bakin caji. Mahaifiyarki tana cewa in kin yi shekara biyu za ki dawo. Na ce mata in sha Allahu. Amma ni na san babu abin da za ki dawo ki yi a nan, kuma ba zan roƙe ki ki dawo ki zauna kamar yadda na zauna ba. Abu ɗaya nake so. Ranar da kika kama irin wannan kuskure kafin ya fita, ki kira ni ki ba ni labari dalla-dalla, wane gurbi ne, ina ya malala, yaya kika gano. Ko ban fahimci sababbin abubuwanku ba, zan saurara.

Jiya bayan la'asar na je wajen Baba Kabiru. Na same shi a ƙofar gida an jingina kekensa da dakali, yana gyara wa jikan maƙwabcinsa tocila. Na gaya masa jibi za ki tafi, na gaya masa irin aikin. Ya ajiye tocilar.

Sannan ya ce, "Ka ba ta labarin?"

Na ce, "Zan rubuta mata."

Ya ce, "To ka rubuta har da cewa ni na kwance bel ɗin da ke ɗaure ni da ƙarfen a sama don in yi sauri. Kullum in kana ba da labarin nan sai ka tsallake wurin."

Na ce, "Don wa kake saurin?"

Ya ce, "Ka dai rubuta. Yarinya za ta shiga aiki, kada ka ɗora mata kaya ta tafi tana tsoron hannunta. Ka ce Babanta Kabiru ya ce ta yi aikinta da kyau, ta kuma ci abinci."

To ga shi na rubuta, tunda ya ce in rubuta. Ni ban ga ya rage komai ba, amma haƙƙinsa ne a faɗa, ke kuma ki auna da hankalinki. Ki biya ki yi masa sallama kafin ki wuce tasha.

Ki riƙe sallarki a kan lokaci ko aiki ya yi yawa. Ki riƙa kiran mahaifiyarki, ita ba ta iya cewa ta yi kewa, sai dai ta ce miki gishiri ya yi tsada. Ni ba zan raka ki tasha ba, ƙaninki zai kai ki. Kada ki ɗauka wani abu ne, ba na so ne direba da 'yan kamasho su ga fuskata.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki. Allah Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga mutanen da ba za su taɓa jin sunanki ba, kada Ya sa wani ya kwanta ta dalilinki. Ya ba ki abokin aiki mai gaya miki gaskiya, Ya ba ki kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa mu gana da alheri, in da rabon ganawa.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sanusi